Godiya ga jama'ar mazaɓata bayan hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah shari'a ta ƙare, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar mana da kujerarmu ta majalisar dokokin jiha, kuma masu tambayata ko za a tafi Kotun Ƙoli ku kwantar da hankalinku, ƙarar zaɓen ɗan majalisa a nan take tsayawa, ta gwamna da ta shugaban ƙasa ce ke wucewa gaba. Tun jiya waya ba ta huta ba, wanda ban ɗaga kiransa ba ya yi haƙuri dan Allah.

Ni dai kun san ni, da manna fosta na fara siyasa, na yi sakataren mazaɓa na yi kansila, na tsaya firamare na sha ƙasa na koma gida na ci gaba da harkata, amma wallahi ban taɓa ganin zaɓe mai wahalar na 2023 ba. Aka ce 11 ga Maris sai INEC ta ɗage zuwa 18 saboda saita na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe, ga canjin kuɗi ya sa mutum da kuɗinsa a banki amma ba shi da ta hawa babur, matasanmu da ƙafa suka dinga zaga ƙauyuka ba ko sisin ruwa. Muna jiran sakamako aka ce inkonkulusib, wato zaɓe bai kammala ba, sai 15 ga Afrilu aka ƙarasa, cikin azumi, rana kamar ta fasa kai, na ga mata da goyo a layi tun hantsi. Iyayena mata ban san da bakin da zan gode muku ba.

Abokin takarata ya shigar da ƙara, haƙƙinsa ne kuma ban riƙe shi a rai ba, har yanzu yayana ne, in mun haɗu a wajen jana'iza ni nake fara gaishe shi. Sai dai zaman jiran nan akwai cin rai, kwana 180 doka ta ba tirabunal, wato kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, a ƙara da 60 na ɗaukaka ƙara, kana zaune a zauren majalisa ana muhawara kan kasafin kuɗi rabin hankalinka na wajen lauya.

Waɗanda na fi so in ambata su ne ejan-ejan ɗinmu na rumfuna. Da lauyoyi suka ce a nemo kwafin sakamakon da aka ba kowa ranar zaɓe, fom EC8A, gabana ya faɗi dan na zata an naɗe ƙosai da rabinsu. Muka je gidan wani dattijo daga cikinsu da dare, ya shiga rumbu da tocila ya fito da ƙullin leda daga cikin buhun gero, takardar tana nan lafiya lau ko lanƙwasa ba ta yi ba, ya ce tun ranar ya san za a neme ta. Daga baya a bakin maƙwabcinsa na ji cewa an zo masa da kuɗi a kan ya ce ta ɓata, ya ce a bar masa gidansa. Mutumin nan ko buhun taki ban taɓa ba shi ba. Ya zo kotu da rigarsa ta sallah lauya ya juya shi ya juya shi, amsarsa ɗaya ce.

Malamanmu da suka yi ta saukar Alƙur'ani, lauyoyi, shugabannin jam'iyya, direbana da ya kwana a mota ba adadi, uwargida da ta sha ɗawainiyar baƙi, Allah ya saka da alheri. Matasa kuma dan Allah ban da wasan babur da habaici ga 'yan ɗaya ɓangaren, gari ɗaya muke.

Baba, takardarka tana wajen lauya, da zarar ta fito zan kawo maka da kaina, ledar ma na ce kar a yar.