Bashi ba aikin 'yan sanda ba ne

Jiya na raka ƙanwata wajen lauya kan kuɗin atamfofin da wata ta karɓa ta ƙi biya. 'Yan uwa sun so a kira 'yan sanda, lauyan ya hana. Ya ce bashi tsakaninku ne: kai ne za ka shigar da ƙara kotu, haƙƙinka kake nema, ba ɗauri ba. Sata, zamba ko kisa kuwa, gwamnati ce ke gurfanarwa, kuma sai hujja ta kore shakka kafin a hukunta mutum. Dokar 'Yan Sandan Najeriya ta 2020 ma ta hana kama mutum saboda bashi kawai. Wallahi abin na min ciwo. Talakawa nawa ne ke kwana a tsare kan bashin da kotu ya kamata ta warware?