Turaren da zai wuni a jikinka ba sai mai tsada ba

Abin da ya fi cinye kuɗin maza wajen sayen turare shi ne yanke hukunci a bakin shago. Mai shago a Sabon Gari ko Tudun Wada a Zariya zai fesa maka a bayan hannu, ka sunsuna, ƙamshi ya doke ka, ka biya. Kafin keke ya kai ka Kwangila ƙamshin ya gudu. Ba lallai ne an cuce ka ba. Abin da hanci ke ji da farko shi ne sashen turaren da ya fi saurin tashi, irin ƙamshin lemo da na'ana'a, kuma ba ya wuce minti 15 zuwa 30. Masu zama a jiki su ne masu nauyi: oud, sandal, almiski, ambar da banila. Don haka idan an fesa maka, ka tafi ka gama cefanenka, ka sake sunsunawa bayan awa uku ko huɗu. Abin da ka ji a lokacin, shi za ka saya.

Sai ka duba rubutun jikin kwalba. Eau de Parfum yawanci yana ɗauke da man ƙamshi kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, Eau de Toilette kashi 5 zuwa 15, Cologne kuwa 2 zuwa 5. Wanda ake kira bodi sifire ya fi su duka rauni, shi ya sa yake da araha kuma gwangwaninsa ke ƙarewa da wuri. Amma kada ka riƙe wannan lissafi shi kaɗai. Club de Nuit Intense Man na kamfanin Armaf, wanda aka fi gani a kasuwa Eau de Toilette ne, duk da haka yana daɗewa fiye da wasu masu rubutun Parfum a kwalba, saboda sashensa mai zama a jiki mai nauyi ne.

A ganinmu, mai neman araha da daɗewa ya nufi turarukan Larabawa. Lattafa, Rasasi, Ajmal, Al Haramain da Swiss Arabian duk suna da masu ƙarfi a kuɗin da bai kama ƙafar na Faransa ba. Asad da Khamrah na Lattafa masu nauyi ne da zaƙi, sun dace da hunturu da fitar dare. Idan ka zuba su da rana tsaka a watan Afrilu, za su hau maka kai, su kuma takura na kusa da kai a sahu. A bazara ka nemi mai sauƙi irin Hawas na Rasasi, ko ka rage feshi zuwa biyu.

Kwalba mai mililita 100 tana ba da feshi kusan dubu. Idan kana yin huɗu a rana, za ta kai ka wata takwas. Ka raba kuɗinta a kan haka kafin ka ce ta yi tsada.

Turaren mai, wanda ake aunawa a zuba a ƙaramar kwalba mai mililita 3, 6 ko 12, shi ne ya fi sauƙin kuɗi, kuma babu alkohol a cikinsa, shi ya sa dattawa da yawa suka fi natsuwa da shi. Yana daɗewa, sai dai ba ya tashi nesa. Sai wanda ya matso ya gaisa da kai zai ji. Matsalarsa sirki. Ana tsinka shi da wani mai marar ƙamshi don ya yi auki, kuma ido ba ya rabewa, domin kauri ba shaida ba ne. Ka fara da mililita 3. Ka ɗiga a kan ƙyalle mai tsabta, ka ajiye ya kwana. Idan da safe yana nan, ka koma ka sayi babba a wurin mutumin. Wanda ba ya son wannan wahala, ƙananan kwalaben Al-Rehab na mililita 6 suna zuwa a rufe daga kamfani. Oud kuma, na ainihi daga itacen da ke tsiro a Indiya da Kambodiya ake samunsa, kuma tsadarsa ta wuce misali. Wanda ake sayarwa da araha haɗi ne. Ba laifi ba ne, amma kada a karɓi kuɗin na ainihi a hannunka.

Jabu ya yi yawa, musamman na sunayen da suka yi tashe. Ka duba lambar da ke gindin kwalba ta yi daidai da ta jikin kwali, rubutu bai dushe ba, murfi ya zauna daram, feshin ya fito kamar hazo ba tsartuwa ba. Idan kuɗin ya faɗi ƙasa da rabin na sauran shaguna, ka ajiye.

Yadda ake sa shi ma yana da nasa. Busasshiyar fata ba ta riƙe turare, kuma iskar hunturun Zariya tana busar da ita ƙarau. Bayan wanka ka shafa ɗan basilin marar ƙamshi a wuya da wuyan hannu, sannan ka fesa daga nisan kamar taƙi ɗaya. Kada ka murza hannuwa. Tufa ta fi fata riƙo, don haka feshi ɗaya a cikin hula, ɗaya a kan singileti, suna iya kai ka washegari. Amma turaren mai, da na feshi mai duhun launi, suna barin tabo a farar shadda, sai ka sa su ta ciki. Kayan Juma'a kuma, ka turara su da turaren wuta tun daren Alhamis. Hayaƙin yana kama zare, feshi biyu a kai sun wadatar.

Mutane da yawa na ƙara feshi don sun daina jin ƙamshin. Hanci ne ya saba, turaren yana nan. Ka tambayi na kusa da kai kafin ka ƙara.

Zafi da hasken rana suna lalata turare, ya canza launi, ya yi tsami. Kada ka bar kwalba a mota ko a bakin taga. Ka mayar da ita cikin kwalinta, ka sa a durowa. Na fita kuma, ka ɗura kaɗan a 'yar kwalba mai mililita 5 ka jefa aljihu.