Yadda muka tattara tarihin Tiga daga bakin mutanenta

Duk wanda ya tambayi tarihin Tiga, amsar da zai fara samu ɗaya ce: gwamnatin Audu Bako ta tare Kogin Kano, an fara aikin dam a 1971 aka gama a 1974, ruwan ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 178, kuma da shi ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure. Sai a ƙara da otal ɗin Rock Castle da ke kan dutse, da 'yan makaranta da masu yawon sallah da ke zuwa daga birni kallon ruwa. Duk gaskiya ne, amma labarin mutanen da aka tayar daga gonakinsu, da masuntan da suka biyo kifi suka zauna, da matan da ke suya da banda a bakin ruwa, yana cikin kawunan dattawa ne kawai. Wanda yake ɗan shekara 20 lokacin da aka gama dam, yau ya haura 70. Shi ya sa mu, wasu malaman makaranta da matasan yankin, muka shiga ɗaukar muryoyinsu.

Ta hannun dagaci muka fara, shi ya haɗa mu da masu unguwanni da limami da Sarkin Ruwa. Ana zuwa da goro, a gaisa sosai, sannan a faɗi abu uku a fili: ba gwamnati ce ta turo mu ba, ba sunayen tallafi ko diyya muke rubutawa ba, kuma ba za a sa muryar kowa a rediyo ko Facebook ba sai da yardarsa. Na biyun ya fi kowanne muhimmanci. A garin da aka taɓa tayar da mutane, da zarar an ga baƙo da littafi da biro yana rubuta suna, magana ta koma ta diyya, kowa sai ya ƙara wa gonar ubansa faɗi. Don haka littafi yana cikin jaka har a gama hira, suna da unguwa a ƙarshe ake tambaya.

Lokaci ma sai an zaɓa. A nan rani ba hutu ba ne, mutane suna fadama da tumatir da albasa da alkama. Dattawan da suka daina zuwa gona da hantsi ake samunsu. Masunci kuwa da yamma yake zuba kalli, wato ragar da ke kwana a ruwa, da asuba ya ɗaga, da safe yana ciniki, saboda haka bayan azahar ne nasa, lokacin da yake zaune yana ɗinkin taru. Ranar kasuwa a haƙura.

Wayar hannu ta isa ɗaukar murya. A kashe layinta tukuna, don kira ɗaya yana katse ɗauka. A ɗora ta kan matashi ko naɗaɗɗen rawani, kamar taƙi biyu daga bakin mai magana, kada a riƙe ta a hannu, ƙarar yatsu tana shiga. Bakin ruwa yana da daɗin zama amma iska tana cinye magana, cikin zaure ya fi, nesa da injin niƙa da janareta. A ɗauki minti ɗaya a saurara kafin a shiga hira. Awa ɗaya tana cin kusan megabait 60. Kada zama ya wuce minti 45, tsoho yana gajiya, kuma zama na biyu ya fi na farko albarka, domin a tsakani ya kwana yana tuno abubuwa.

Inda aikin ya fi wuya shi ne shekaru. Idan ka ce, “Baba, a wace shekara kuka tashi?” zai ba ka lamba don kada ya ba ka kunya, kuma lambar ba lallai ta zama daidai ba. Abin da ya yi mana aiki shi ne jera abubuwan da kowa ya shaida a kan takarda ɗaya: komawar tuƙin mota hannun dama a 1972, canjin fam zuwa naira a farkon 1973, babban farin 1973, kisan Janar Murtala a Fabrairun 1976, buɗe makarantun firamare na kyauta a ƙarshen wannan shekarar, rikicin Maitatsine a Kano a 1980, da ɓallewar dam ɗin Bagauda a 1988. Sai tambaya ta koma, “Baba, da aka biya ku, da fam aka biya ko da naira?” ko “Inna, ranar da kuka kwashe kaya, wa kike goyo?” Uwa ba ta manta goyonta, kuma shekarun wannan ɗan ana iya gano su. Da tambaya biyu irin waɗannan ake matse labari ya zauna tsakanin shekara ɗaya zuwa biyu. A takarda mukan rubuta “tsakanin 1973 da 1974”, ba ma zaɓar ɗaya don kawai ta yi kyau.

Hirar taro tana da amfani wajen jero sunayen tsoffin unguwanni da rijiyoyi da hanyoyin kasuwa, don wani yana tuna wa wani. Amma a gaban mai sarauta ba a musu, abin da ya faɗa shi kowa zai bi. Saboda haka bayan taro sai a bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Mata kuma mata ne ke shiga wajensu a cikin gida. Wannan ba abin da za a bari sai in an samu dama ba ne. Su suka san inda ɗorawa da kaɗanya da kuka suke kafin ruwa ya ci su, su suka san wace zuriya ta auri wace, da yadda tashin ya raba 'yan uwa, wasu suka yi Rano wasu suka yi Tudun Wada.

Masunta kada a fara musu da tarihi, a fara da kayan aiki. A sa ya nuna bambancin kalli da birgi da mali, ya auna idon taru da yatsu, ya faɗi wanda ke kama karfasa da wanda ke kama tarwaɗa ko ragon ruwa ko ƙurungu. Daga nan da kansa zai gangaro kan wanda ya koya masa su, da garin da ubansa ya baro, da kifin da ya yi ƙaranci. Idan maganar ta kai ga asirin ruwa ya ce a kashe waya, a kashe a gabansa ya gani. Gardamar wa ya riga wa zama kuwa ba ta ƙarewa. Mukan rubuta kowace ruwaya da sunan mai ita, ba ma yanke hukunci.

Ganin wuraren da ruwa ya ci da ido sai ƙarshen bazara, lokacin da ruwa ya ja baya sosai. A tafi da dattijon da ya san wurin da matuƙin da ya san inda kututture yake a ƙarƙashin ruwa, da sassafe kafin iska ta taso. Kowa da rigar ruwa, kuma kada a cika kwale-kwale. Kifewar kwale-kwalen da ta faru a Bagwai a 2021 ta ishe mu. Waya a cikin leda, a ɗauki hoto, a sa alamar wurin a taswirar waya, a sa dattijo ya faɗi sunansa a murya. Dutsen niƙa ko guntun tukunya a bar shi inda yake. Inda aka ce maƙabarta ce, a yi addu'a a wuce.

Tsoffin takardu, rasiɗin haraji, wasiƙun ajami da hotuna ba ma karɓa, a gidan mai su muke ɗaukar hotonsu, a inuwa, ba fitilar waya, gaba da baya. Kada a like su da leda mai zafi, ba ta ɓaruwa kuma tana lalata tawada. A shawarci mai su ya sa a akwatin ƙarfe a bisa, saboda gara da danshi.

Rubuta hirar awa ɗaya yana cin awa biyar zuwa shida, kuma a yi shi cikin makon, tun ana tuna wa ya ce me. A rubuta yadda aka faɗa, ba gyara karin harshe. Kowace ɗauka a sa mata kwanan wata da unguwa da lamba, a ajiye a wuri uku: kwamfuta, katin ajiya, da intanet. Katin ajiya na jabu ya cika kasuwa, a gwada shi kafin a dogara da shi, kuma WhatsApp yana rage ingancin hoto in ba a matsayin fayil aka tura ba. Kafin a nuna wa kowa, a koma a karanta wa mai maganar abin da aka rubuta. A nan ake gyara sunayen wurare, a nan kuma yake cire abin da ba ya so jikokinsa su ji a bakin wani.