Ciwon Marar Yaya da Jirgin Feshi

Ina aji huɗu a karatun likita a Wad Madani ta ƙasar Sudan, kafin yaƙin nan ya tarwatsa mu, aka ba ni aikin gabatar da darasi kan cutar endometiriyosis. Da Larabci ana ce mata "biɗanatur rahim almuhajira", wato shimfiɗar mahaifa mai hijira. Sunan ya dace. Nama ne irin na cikin mahaifa yake tsirowa inda ba gurbinsa ba, a kan ƙwan mace ko bayan mahaifa ko jikin hanji, duk wata ya kumbura ya yi jini, jinin kuma ba shi da mafita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa na fama da ita, kusan miliyan 190.

Ina karatun ne, amma Yaya nake gani. In al'adarta ta zo sai ta dunƙule kan tabarma kwana uku, Inna tana cewa, "Yi haƙuri, in kin haihu zai wuce." Shekararta shida da aure, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Mu kuwa a kambo muka tashi, wato zangon 'yan ƙwadagon gona, bakin hawashar auduga, wato gonar auduga, ta yankin Jazira. Jirgin feshi na wucewa bisa kanmu muna ɗaga masa hannu, jarkar maganin ƙwari in ta ƙare a ɗauraye a zuba ruwan sha.

Sai na ci karo da binciken Sherry Rier na 1993. Birai ne aka yi shekaru ana sa musu gubar dayoksin a abinci, daga baya aka tarar yawancinsu sun kamu, kuma wadda ta fi cin gubar ciwonta ya fi tsanani. Ga shi cutar da sinadarin jikin mace da ake kira estirojin take rayuwa, irin waɗannan gubobi kuma suna dagula aikin sinadaran jikin mace, su maƙale a kitse shekara da shekaru. Na ce shi ke nan, na kama ɓarawo. Haka na tsaya gaban aji na ce feshi ne ya jawo.

Malamarmu ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "'Yata, dayoksin daban, maganin feshi daban. Dayoksin daga ƙona shara da roba da hayaƙin masana'antu ya fi fitowa, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na wanda ke shiga jikin mutum ta nama da madara da kifi yake bi. Kin karanta Sabeso?"

Ban karanta ba. Garin Italiya ne da masana'anta ta watsa masa dayoksin a 1976. Bayan shekara ashirin aka duba mata 601, aka sami 19 da cutar. Alamar ƙarin haɗari ta bayyana ga masu gubar da yawa a jini, amma adadin bai kai a yanke hukunci ba. Zargi ne mai ƙarfi, har yau ana bin sawunsa, ga kuma gado da komawar jinin haila baya da ake lissafawa cikin dalilai. Na ji kunya ƙwarai, don na san haushin jirgin nan ne ya rubuta mini rabin darasin.

Da aka tashi ta kira ni gefe. "Ita yayar taki, wa ya taɓa duba ta?"

Shiru na yi. Wata biyu ina farautar mai laifi a takardu, ban taɓa cewa Yaya ta zo asibiti ba. Ranar Alhamis na hau mota na je na taho da ita, bayan na sha fama da mijinta kan kuɗin hoto. Hoton ya nuna ƙullutu a ƙwan hagu, aka ɗora ta kan magani. Jarkokin kuwa, kafin mu baro gida na huda gindinsu ɗaya bayan ɗaya, Inna tana ta faɗa wai na yi mata asarar kaya.