Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Daren da Hajiya ta ƙi farkawa

Satin da ya wuce na yi alkawarin labarin aurena. Ku yi mini haƙuri, wannan ne ya tsaya mini a rai.

Baba, Allah ya jiƙan shi, in yana ban ruwa a lambunmu na Mirya yakan ce, "Ruwa bai ɓace ba, ƙaura ya yi." Fangalin bakin rijiya ke fara cika, na ƙurya sai an jima.

Ina sabon hannu a ɗakin tiyata nan Damagaram aka kawo wata Hajiya mai jiki. A lokacin, da allurar tiyofental muke sa barci. Ka tura a jijiya, kafin mutum ya ƙirga talatin ya tafi, minti 5 zuwa 10 ya fara motsi. Ta motsa, Majo, babbanmu a wurin aiki, ya ce, "Ƙara mata, yaro, maganin ya fita." Na ƙara. Ya sake faɗa, na sake. An gama aiki da hantsi, har isha'i ba ta buɗe ido ba. Ina tsugune yatsuna a wuyan hannunta, ina kallon zanen da ke ƙirjinta ko yana ɗagawa. Gaban 'ya'yanta Majo ya ce hannuna ne ya yi nauyi. Gaban 'ya'yanta!

Ashe maganin bai fita ba. Sai bayan shekaru na gani a littafi, an zana akwatuna da kibiya tsakaninsu, lissafin da wani masani na Suwidin, Teorell, ya fito da shi tun 1937. Zuciya na tura jini wajen lita 5 a minti. Kusan kashi 75 cikin 100 ƙwaƙwalwa, hanta, ƙoda da ita zuciyar ke sha, alhali nauyinsu bai wuce kashi 10 na jiki ba. Su ne fangalin bakin rijiya. Daga nan maganin ya gangara tsoka, can daga baya kitse, mai ƙarancin jini amma mai riƙo. Farkawar nan ƙaura ce kawai, don hanta sai ta yi wajen awa 11 kafin ta rage rabi. In ka yi ta ƙari, tsoka ta ƙoshi, babu wurin zuwa, kitse kuma ya yi ta maido shi cikin jini.

Na rufe littafin na yi hawaye. Baba bai taɓa shiga lakwal ba.

Da Majo ya rasu na je gaisuwa, na yi mishi addu'a da zuciya ɗaya, amma kalmar nan ta "hannunka" tana nan. Hajiya kuwa da kiran sallar asuba ta buɗe ido, ta ce, "Ɗana, ba ni ruwa."