Mudu ɗaya a gida ɗaya

A cikin annabawan Tsohon Alkawari, wanda nake ji kamar ya taɓa zama a layin 'yan hatsi shi ne Amos. Ba ɗan kasuwa ba ne. Makiyayi ne daga Tekowa, mai kula da itatuwan ɓaure, wanda ya yi annabci sama da shekara 700 kafin haihuwar Almasihu. Amma ku buɗe sura ta 8, daga aya 4 zuwa 6, ku ji yadda ya jero halayenmu: a ƙanƙanta mudu, a tsauwala kuɗi, a murɗe ma'auni, har sharar da aka tattaro daga ƙasa a zuba ta cikin alkama a sayar. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutanen da yake wa faɗan ba su buɗe kasuwa ranar Asabar. Suna kiyaye ranar hutu. Suna dai zaune ne wurin sujada suna ƙagara, yaushe rana za ta faɗi su koma kan awo. Wato masu ibada ne, irina da irinku.

Sana'ata awon hatsi, kuma gadonta na yi wurin Inna. Da kaka nakan bi kasuwannin ƙauye masu ci mako-mako a nan kudancin Katsina, in sari masara da dawa da wake da waken suya, in kawo gari in sayar tiya-tiya. Ranar Lahadi kuma ina sahun Zumuntar Mata da zanen zumunta, muna kaɗa tulu da caki. Saboda haka ba labarin wasu nake ba ku ba.

Wanda bai taɓa awo ba yana ɗauka mudu mudu ne kawai. Ina! Akwai mudun da aka buga gindinsa ya faɗa waje, wannan na saye ne. Akwai wanda aka buga ya shige ciki, wannan na sayarwa ne. Da ido ba za ka bambance su ba sai ka kifa su. Akwai kuma aikin hannu. In mai awo na saye, sai ya kewaye bakin mudun da tafinsa har da damtse, tozon ya tashi ya kusa rabin wani mudun, yana yi yana jan mai kayan da hira don kada ta kula. In shi ke sayarwa, hannun nan ba ya zuwa kusa, hatsin ma a sake yake zuba shi, babu dannawa babu girgizawa. A buhu kuwa sai a sa mai kyau sama da ƙasa, tsakiya a cusa ƙaiƙayi da tsakuwa da tsohon hatsin bara da ƙwari suka gama da shi. Kuma kada a ɗora wa 'yan kasuwa laifin su kaɗai. Na sha kwance buhun da manomi ya ɗinke da hannunsa in tarar da yashi.

Maimaitawar Shari'a 25, aya 13 zuwa 15, ta yi maganar nan ba kwana-kwana: kada a samu ma'auni iri biyu a jakarka, kada a samu mudu iri biyu a gidanka, babba da ƙarami. Inna ba ta iya karatu sosai ba, tsohon Littafi Mai Tsarki na gidanmu ma, mai kiran wannan littafi Kubawar Shari'a, Baba ne ke karanta mana shi da dare. Amma mudunta ɗaya ne tak, kuma tana da wata ɗabi'a da ke ba abokan sana'arta haushi. In mace ta sauke kaya a gabanta, sai ta miƙa mata mudun ta ce, "Ungo, 'yar nan, auna da hannunki, ni in ƙirga." In ita ke sayarwa, nan ma mai saye za ta miƙa wa. Sauran 'yan awo suka ce tana ɓata kasuwa. Ita dai ba ta tanka musu.

Kada ku jira in ce muku saboda haka ta yi arziki. Ba ta yi ba. Ta rasu a ɗakinta na ƙasa, wasu masu mudu biyu kuwa sun gina gidajen siminti sun sayi motocin ɗaukar kaya, har yau 'ya'yansu na ci. Ina faɗin wannan ne don na gaji da wa'azin da ke mai da gaskiya jari, a ce ka zuba ta yau gobe ka kwashi riba ninki goma. Ayar nan ta Luka 6:38, mai maganar mudu a danne, a girgize, har yana zuba, kusan ba a tuna ta a majami'u sai lokacin baiko ya yi. Ku koma baya kaɗan ku karanta daga aya 35. Yesu yana magana ne a kan ƙaunar maƙiyi, da ba da rance ba tare da sa ran a biya ba, da barin ɗora wa mutane laifi, da yafewa. Mudun da yake nufi shi ne wanda kake auna wa mutane da shi, kuma duk ɗan awo da ya ji ayar ya san a bakin kasuwa aka ɗauko ta.

Maƙwabcin rumfata wani dattijo ne Musulmi, sa'an Baba, tun ina goye yake wurin. Har yanzu "'yar Inna" yake kirana. Su ma a Alƙur'ani akwai sura guda da ta buɗe da azabar masu tauye mudu, waɗanda in za su karɓa sai an cika musu, in za su bayar sai su rage. Wata rana ana rigima a layinmu kan wani buhu, ya juyo ya ce mini, "'Yar Inna, mu da ku duk an gaya mana. Wanda ya yi, toshe kunne ya yi." Na ce, "Haka ne, Baba Alhaji." A gari irin namu inda masu bi ba su da yawa, akwai wani nauyi na daban a kaina. In mudun wani ya gaza, za a ce wane macuci ne. In nawa ya gaza, za a ce haka 'yan coci suke. Ban ce adalci ne ba, amma haka abin yake, kuma da saninsa nake fita kowace safiya.

Algus na zamani ya ma fi na tsakuwa muni, don tsakuwa ana tsince ta. Wake ba ya jure ajiya, wata biyu uku ƙwari sun huda shi, sai mutane suka koma zuba masa maganin feshi na gona kai tsaye a cikin buhu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan guba da aka samu a cikinsa. Turawa sun ƙi, mu muka ci gaba da dafa wa yaranmu. Alhali akwai buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi: leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne tam, iska ta ƙare ƙwarin su mutu ba tare da ɗigon magani ba. Ya fi buhun gama-gari tsada, shi ke nan dalilin da ya sa ake gudunsa. Na san 'yan kasuwar da ke ware waken gidansu daban a irin wannan buhu, na sayarwa kuma su barbaɗe shi da magani. Wanda ya yi haka, ko da mudunsa ɗaya ne, ni a wurina mai mudu biyu ne.

Duk waɗannan masu sauƙin hukunci ne. Inda abin ke da wuya shi ne ajiya. Karin Magana 11:26 ta ce jama'a na la'antar mai ɓoye hatsi, albarka kuma na kan wanda ya fito da shi ya sayar. To ni sana'ata ke nan, in saya da kaka yana araha, in ajiye, in sayar da bazara ko damina ya yi kuɗi. Shekarar 2024, bayan cire tallafin mai, da abinci ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba, har hukumar yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta je ta garƙame wasu manyan rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye kaya, duk mai sito a garinmu sai da aka yi masa kallon azzalumi. Na kwana ina juya ayar nan.

Ga inda na tsaya. Ajiya ba zunubi ba ce. In babu mai saye da kaka, manomi zai rasa kuɗin makarantar yara da na biyan bashin taki. In babu mai ajiyewa, watan Agusta kasuwa za ta zama wayam. Yusufu ma kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar ya tara har shekara bakwai, sai dai da yunwa ta zo buɗe rumbunan ya yi. Laifin yana farawa ne ranar da maƙwabciya ta zo da kwanonta da kuɗinta, kika dube ta kika ce "babu," alhali sito cike yake, don kawai kin ji labarin mako mai zuwa zai ƙara tashi. Yana nan kuma ranar da mace ta shigo miki gida da rabin buhu ba ranar kasuwa ba, ido ya yi ja, ɗanta na kwance a asibiti. Ta san kin san ba ta da zaɓi. Kuɗin da za ki taya mata a wannan lokaci, babu hukumar da za ta bincika, babu dattijon ikilisiya da zai ji. Sai kuma bashin damina, a ba talaka buhu ɗaya da marka ya biya biyu da kaka. Muna kiransa taimako. Littafin Firistoci 25:37 ya hana ba ɗan'uwan da ya talauce kuɗi da ruwa, ya kuma ambaci abinci musamman, cewa kada a ba shi don neman riba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, shi ya sa ni ban cika auna halin ɗan kasuwa da Disamba ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan kuwa a ikilisiyarmu ya faru. Kowace shekara bayan girbi muna bikin godiya, kowa ya kawo abin da Ubangiji ya ba shi, damin dawa, buhun masara, kaji, har akuya. Hatsin akan zuba shi a sito bayan gidan fasto. Al'adar kwamiti ita ce a riƙe shi sai farashi ya kai ƙololuwa a sayar, kuɗin ya shiga ginin majami'a. Da yake ni ce 'yar hatsi, ni ake tambaya yaushe ya kamata a fitar. Bana da aka tambaye ni, sai na ce kafin in ba da amsa ina so in san nawa za a ware wa gwauraye da marayu, don a cikinmu akwai waɗanda suka kawo mudu biyu ranar godiya, kuma da damina su ne za su zo rumfata neman bashin tiya ɗaya.

Ma'ajinmu, dattijo ne da nake girmamawa ƙwarai, bai ji daɗi ba. Ya ce, "'Yata, kayan Allah ne, amana aka ba mu. Bawan da ya binne talantinsa bai sha yabo ba." Kuma yana da hujja. Rufin majami'a na yoyo ta gefen mata, mai bisharar da muka tura ƙauye yana bin mu albashi, kuma shi wannan tsoho bai taɓa cin ƙwandalar ikilisiya ba. Na ce, "Baba, ban ƙi ta taka ba. Amma a Ayyukan Manzanni sura 6, mutum bakwai na farko da ikilisiya ta zaɓa ta ɗora wa hannu, rabon abincin gwauraye aka ba su." Mama Fasto ta goyi bayana, wasu dattawa biyu suka goyi bayansa, aka yi ta ja har aka kunna fitila.

A ƙarshe an yarda a ware kashi ɗaya cikin huɗu, a riƙe shi har Yuli da Agusta a raba, ragowar a sayar yadda aka saba. Ni na so rabi, ban samu ba. Makullin sito yanzu biyu ne, ɗaya wurin ma'aji, ɗaya wurin Uwar Zumunta, mata kuma su ne za su rubuta sunaye tunda mu muka san gidan da ba a ɗora tukunya. Da aka fara rubutun sai wata sabuwar magana ta taso. Akwai wata tsohuwa a bayan katangar majami'a, ba mai bi ba ce, jikoki huɗu take riƙo, kuma ita ke yi mana gadin awaki in muna sujada. Wasu suka ce Galatiyawa 6:10 ta ce musamman 'yan'uwa masu bi. Wasu suka ce a karanta ayar daga farko, kowa da kowa ta fara cewa. Na sa sunanta a takardata da fensir, an ɗage maganar zuwa zaman kwamiti na bayan Kirsimeti.