Sensar da na cire da ƙarfin tuwo

Ina shekarata ta uku da fara koyon kanikanci a wani gareji da ke kan hanyar Jega a Birnin Kebbi lokacin da abin ya faru. Shekara ta uku ita ce mafi haɗari ga yaron gareji: hannu ya fara faɗawa, kai ya fara kumbura, ilimin kuwa bai taka kara ya karya ba. Ran nan maigidana ya tafi ɗaurin aure Argungu, ya bar ni da shago. Da hantsi sai ga wani Alhaji mai fataucin albasa daga Aleiro, da Honda Accord ƙirar 2000, irin wadda muke kira Bebi Boi. Kukansa biyu ne: motar ta ƙara shan mai, kuma fitilar nan mai ruwan ɗorawa ta cek inji ta ƙi mutuwa.

Na ɗauko na'urar maigida mai karanta matsalar mota na jona a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, domin duk motar da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da wannan soket ɗin. Lamba ta fito: P0135. Na san lambar, ko in ce na san rabinta, na san dai ta shafi sensar oksijin ta gaba. Na gyara tsayuwa na ce, "Alhaji, sensa ce ta mutu. Aikin minti goma ne." Minti goman nan sai da ya ci kwana uku.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, sensar ba ta wuce girman filogi ba. Ana ɗaure ta a jikin bututun hayaƙi, hancinta a ciki, wayarta a waje. Aikinta shinshinar hayaƙi ne, ta gaya wa kwamfutar mota, wadda muke ce wa biren bos, ko fetur ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Injin fetur yana son kashi 14.7 na iska a kan kashi ɗaya na mai, sensar kuwa tana magana ne da 'yar wutar da ba ta kai bolt ɗaya ba, tana hawa da sauka tsakanin 0.1 da 0.9. Ba ta buɗe baki sai ta yi zafin da ya kai wajen digiri 300, shi ya sa aka sa mata 'yar hita a ciki, wayoyinta suka zama huɗu. In ta yi shiru, kwamfuta ta koma lalube, takan zuba mai fiye da ƙima don kada inji ya wahala. To abin da ya shekara goma sha wani abu yana zaune cikin wuta, ya yi ja ya huce, ya yi ja ya huce, ƙarfensa da na mazauninsa sai sun zama kamar uwa ɗaya ta haife su. Ƙari a kan haka, motocinmu 'yan Kwatano yawancinsu sun sha gishirin da ake barbaɗa wa tituna a Amurka da Kanada lokacin ƙanƙara. Tsatsar da muke faɗa da ita a Kebbi, garin da rana ke soya ƙarfe, ba tamu ba ce, da guzurinta ta zo.

Na sa sifana mai buɗaɗɗen baki lamba 22 na ja. Ko gezau. Na ƙara ja, bakin sifana ya zame ya cinye kusurwa biyu na kan sensar, na fasa gaɓar yatsa a jikin ƙarfe. Alhaji na zaune a benci ƙarƙashin darbejiya yana kallo, kallon nan nasa ne ya fi komai ingiza ni. Na sa filaya na datse wayar, na zura rin sifana, wato mai zagayayyen baki, na ɗauko wani bututun ruwa mai tsawon kamu biyu na soka a wutsiyarta, na kira ƙaramin yaron shago muka hau tare. Sai ta juya. Amma juyin bai yi wannan 'yar ƙarar ta "ƙas" da noti ke yi in ya saki ba. Wani laushi ya yi, kamar ana murɗa ƙullin fura. Hannuna ya gaya mini an yi ɓarna, zuciyata ta ce ci gaba. Da ta fito, zaren mazaunin, wato tsagar nan da noti ke bi in ana murɗa shi, gaba ɗaya ya naɗe a jikinta, fari fat yana ƙyalli, ramin kuwa sumul kamar cikin kofin shayi.

Bayan la'asar maigida ya dawo, da babbar rigarsa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya karɓi sensar ya juya ta, ya ce in miƙo masa mita, abin auna wuta. Ya ɗora a kan guntayen wayoyi biyun nan masu launi ɗaya, waɗanda su ne na hita. Hitar lafiyarta ƙalau. Ya naɗe hannun riga ya bi wayar ta ɓangaren mota da yatsa, a hankali, har ya tsaya a wani lungu. Ɓera ne ya gwaguye ta. Motar da ke kwana kusa da rumbu, me za a yi tsammani?

"Kwamfuta ce maka ta yi wutar hita ba ta tafiya daidai," in ji shi. "Ba ta ce sensa ta mutu ba. Kai ne ka ƙarasa mata magana."

Gyaran da tef na naira hamsin da ɗan dalma zai yi, ya koma kwance bututu, kai wa mai walda ya gyara mazauni, da neman wata sensar. Garin gyaran gira an rasa ido. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda maigida ya je gaban Alhaji ya ce, "Yarona ya yi ɓarna, ɓarnata ce, ni zan biya." Da ya so, cewa kawai zai yi tsatsa ce, babu mai musa masa.

Yau ina da tawa rumfar, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta yi tsalle daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, aikin sensa ya ƙaru. Mutumin da ya shekara biyar da fitilar cek a kunne, wani ma ya liƙe ta da baƙin tef don kada ta dame shi, yanzu shi ne ke zuwa da sassafe yana tambayar abin da ke shanye masa mai. Da yawansu kuma ba sensa ce matsalarsu ba. Wani an yashe masa indomi, wato abin nan mai kama da saƙar zuma da ke tace hayaƙi a cikin salansa, an sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke jikinsa, sai kwamfuta ta riƙa kawo P0420, lambar da ke cewa indomi ba ya aiki daidai, a ɗora wa sensar baya, wadda ke bayan indomin, laifi alhali gaskiya take faɗa. Wani kuwa bututunsa ne ya tsage yana shaƙar iska. Ban ƙara ɗora sifana a kan sensa ba sai mita ta fara hawa kanta, na duba fiyus, na bi waya.

Kwanakin baya wani malamin makaranta daga Kalgo ya kawo Corolla, tata sensar kam ta mutu da gaske, hitar ta yanke. Na leƙa na ga tsatsa ta yi mata rawani. Kafin in taɓa komai na kira shi na nuna masa. Na ce, "Malam, wannan za ta iya fita lafiya, za ta iya fita da zarenta. In ta fita da zare akwai kuɗin walda. Kuma motar za ta kwana." Ya ɓata fuska, amma ya yarda. Wannan maganar ta minti biyu ta fi kowace sifana da na mallaka amfani.

Na kankare wurin da buroshin waya har ƙarfe ya fito. Na fesa man kwance tsatsa a gindinta, na bar ta. Wasu abokan sana'a man birki suke ɗigawa, ni dai na fi yarda da na gwangwani. Da magariba na sake fesawa. Washegari da safe, ana sanyin hunturu, na tayar da inji na 'yan mintoci don bututu ya yi ɗumi, na kashe. Akwai soket na musamman mai tsaga a gefe don waya ta wuce, yana da kyau wajen ɗaurawa, amma a kan wadda ta kafe tsagar nan buɗewa take yi ta cinye kai. Tunda na tabbatar gawa ce, na datse wayar da zuciya ɗaya, na sa dogon soket mai kusurwa shida wanda ya kama ta ruf. Na fara da ɗaurewa, ɗan kaɗan, kamar mai tashin ɓarawo daga barci ba tare da ya farga ba. Sannan na juya baya. Ta ƙi.

Yarona ya riga ya ɗauko bututu yana tsaye a kaina. Na dube shi, na ga kaina. Na ce ya ajiye, ya je ya kira mai waldar gas.

Wuta ana ba mazauni ne, ba sensa ba, don shi ake so ya buɗe ya sake ta. Muka kare wayoyi da robobin da ke kusa da guntun kwano da jiƙaƙƙen tsumma, muka tabbatar babu ɗigon fetur, man da na fesa ma ya bushe. Mai waldar ya zagaya harshen wuta a gindin har ya fara ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Na mayar da soket na ja da hannu ɗaya. Ƙas. Ta motsa kamar faɗin farce, ta tsaya. A nan ne mutane ke yin asara, don murna takan sa a zarce. Na mayar da ita ciki, na dawo da ita, na bari ta huce na ɗiga mai, gaba kaɗan, baya kaɗan, duk inda na ji ta yi nauyi in koma. Kusan rabin awa muna wannan rawar kafin ta faɗo tafin hannuna, zarenta baƙi amma cikakke.

Na bi ramin da abin gyaran zare mai milimita 18, na shafa man hana kafewa a zaren sabuwar kawai, ban bari ya taɓa hancinta ba don yana kashe ta. Da yatsu na fara ɗaura ta har ta zauna, sannan sifana, ba tare da na hau kai ba. Na ɗaure wayar nesa da bututu, na goge lambar, muka zaga har shataletale muka dawo, fitila ba ta sake kamawa ba.

Da na faɗa wa Malam kuɗin aiki sai ya riƙe haɓa. Ya ɗauki tsohuwar sensar ya jujjuya ta, ya ce, "Haba Oga, noti ɗaya fa ka kwance." Muka yi ta ja-in-ja har aka kira azahar, na rage masa ɗari biyar.